Yadda za ka koyi batik da hannunka idan hutu ya kai ka tsibirin Java

Batik rini ne da ake yi da kaki. Ana narkar da kakin a wuta, a zana shi a kan farin yadi, sannan a tsoma yadin cikin rini. Duk inda kaki ya rufe launi ba ya kama shi, kamar yadda mai ƙunshi ke manna salatif a ƙafa, lalle ya kama ko'ina ban da inda aka manna. A ƙarshe sai a dafa yadin, kakin ya narke ya fita, zane ya bayyana. Ana wannan sana'a a Malesiya da Sri Lanka da wasu ƙasashe, amma cibiyarta tsibirin Java ne a Indonesiya. A ranar 2 ga Oktoba 2009 hukumar UNESCO ta sanya batik na Indonesiya cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam, shi ya sa ƙasar take bikin ranar batik a wannan rana kowace shekara.

Baƙo zai iya koyon tushen aikin cikin 'yan kwanaki, kuma ina ganin asara ce mutum ya je Java ya dawo da batik na saye kawai. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa: ka bi aikin da hannunka tun daga farin yadi har tukunyar dafawa. Wanda ya zana kaki na rabin awa, aka karɓi ƙyallen aka shiga da shi baya, aka dawo masa da shi a rine, bai ga rabin sana'ar ba.

Da farko, zaɓi garin da za ka zauna

Idan wannan ne zuwanka na farko, ka sauka a Yogyakarta, wadda mutanen wurin ke kira Jogja. Gari ne mai fadar sarki da har yanzu take raye, kuma a 2014 majalisar sana'o'in hannu ta duniya ta ba shi laƙabin birnin batik na duniya. Akwai wuraren koyo a cikin gari, musamman kewayen fada da tsohon lambun sarki na Taman Sari, amma wurin da na fi so a tura mai koyo shi ne ƙauyen Giriloyo da ke yankin Imogiri a kudancin birnin, kusa da maƙabartar sarakuna. A can mata ne ke zanen hannu gida gida, sana'ar da suka gada daga iyaye da kakanni, kuma sun saba karɓar baƙi.

Daga Jogja, awa ɗaya da 'yan mintuna a jirgin ƙasa za ta kai ka Solo, wato Surakarta. Unguwanni biyu ne suka yi suna a can, Laweyan da Kauman. Laweyan unguwar attajiran batik ce tun da daɗewa. Daga cikinta ne Haji Samanhudi, wanda shi ma falken batik ne, ya kafa ƙungiyar 'yan kasuwa Musulmi ta Sarekat Dagang Islam a farkon ƙarni na 20. Lungunan unguwar matsattsu ne, katangu dogaye, ƙanshin kaki yana fitowa ta ƙofofi.

Mai son launuka masu haske sai ya nufi gaɓar arewa. Pekalongan tana da gidan tarihin batik da aka buɗe a 2006, wanda ke koyar da yara da manya, kuma a 2014 ta shiga jerin biranen sana'o'in hannu na UNESCO. Cirebon, tafiyar awa uku ko makamancin haka daga Jakarta a jirgin ƙasa, tana da unguwar Trusmi. Idan kuma Jakarta kaɗai hutunka ya tsaya, gidan tarihin yadudduka, Museum Tekstil, yana da ɗakin koyo.

Ka lura da lokaci. Ruwan sama ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Maris, kuma yadin da aka rina yana buƙatar shan iska tsakanin tsomi da tsomi, don haka aikin ya fi sauri daga Mayu zuwa Satumba. A lokacin ƙaramar Sallah, wadda suke kira Lebaran, jiragen ƙasa kan cika, masu sana'a da yawa kuma sukan rufe su tafi ganin gida.

Tambayoyin da za ka yi kafin ka biya

Kusan kowane otal zai iya haɗa ka da wurin koyo, amma darasi ya bambanta da darasi. Ka aika saƙo ko ka je da kanka kwana ɗaya kafin ranar, ka tambayi abubuwa huɗu. Awa nawa za a yi? Ni zan tsoma yadin cikin rini, ko wani zai yi mini? Da wane irin rini za a yi, na itatuwa ko na kamfani? Kuma girman yadin nawa ne, yana cikin kuɗin ko daban ake biya? Amsar tambaya ta biyu ita ce za ta nuna maka ko koyarwa ake yi ko nishaɗantar da 'yan yawon buɗe ido.

Darasin awa biyu zuwa uku zai ba ka ƙyalle mai girman hankici da launi ɗaya. Ba laifi ga yara ko wanda lokaci ya ƙure masa. Amma idan kana da hali ka ware kwana biyu ko uku, ka nemi yadi mai girman mayafi ko shimfiɗar ƙaramin tebur, da launi biyu aƙalla. Sai an zo launi na biyu ne mutum yake gane hikimar aikin. Ka tanadi kuɗin ƙasar, rupiya, a hannu, domin a ƙauye ba ko'ina kati ke aiki ba. Idan ba ka jin yaren Indonesiya ka tabbatar akwai mai fassara, ko da yake rabin darasin da ido ake ɗauka.

Ka fara cika idonka kafin ka taɓa kaki

Kwana ɗaya kafin darasi ka shiga gidan tarihi. A Solo akwai na Danar Hadi mai ɗauke da dubban zannuwa na da, a Jogja akwai Sonobudoyo da ɗakunan cikin fada. Ba ɓata lokaci ba ne, domin gobe malamar za ta ce ka zaɓi zane, kuma gara ka san abin da kake zaɓa.

Kowane zane da sunansa da muhallinsa. Parang layuka ne karkatattu masu lanƙwasa da ke bin juna daga kusurwa zuwa kusurwa. A da sarki da iyalinsa kaɗai ke ɗaura wasu nau'o'insa, kuma har yau ba a son baƙo ya shiga fada da shi. Kawung da'irori ne masu tsawo guda huɗu da suka haɗa kai, an ɗauko su daga siffar 'ya'yan wani irin giginya da aka raba biyu. Truntum ƙananan furanni ne kamar taurari a kan baƙi, iyayen ango da amarya ke ɗaurawa ranar biki, su kuma ango da amarya su ɗaura sido mukti. Mega mendung na Cirebon gajimare ne da ake yi masa launi hawa hawa, daga mai duhu zuwa mai haske. Za ka kuma lura batik na Jogja ya fi son farin fili, na Solo kuwa ruwan ƙasa mai ɗan rawaya, na gaɓar teku kuma ja da kore da shuɗi da furanni da tsuntsaye, saboda cuɗanya da fataken Sin da Larabawa da Turawan Holan.

Shawarata ga sabon hannu: ka bar parang da kawung. Zanen da ke maimaita kansa yana tona asirin kowace rawar hannu. Ka ɗauki ganye ko fure ko gajimare mai manyan layuka, inda ɗan karkata ba zai zama aibi ba.

Ranar darasi

Ka sa tufafin da ba za ka ji zafin ɓacinsu ba, masu rufe gwiwa, domin kaki mai zafi yana ɗiga. Mace ta tattara bakin mayafinta kada ya kusanci wuta. Malamar za ka kira ta Bu, namiji babba kuma Pak, ka miƙa abu ka karɓa da hannun dama, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa.

Za a zaunar da kai a kujera 'yar tsugunne, a gefenka ƙaramin kasko a kan risho ko murhun gawayi, cikinsa kakin da suke kira malam. Ba kakin zuma zalla ba ne. Ana haɗa shi da kakin kyandir da ƙaron itatuwa, kowane gida da irin haɗinsa. Kakin zuma yana sa shi laushi ya bi yadi, ƙaro yana sa shi kamawa, kakin kyandir kuwa yana sa shi tsagewa. A gabanka akwai wani katako kamar shanya da ake rataya yadin. Yadin kansa farar auduga ce mai santsi da suke kira mori, wadda aka riga aka wanke aka cire mata sitatin kamfani. Yadin roba ba ya shan wannan rini.

Matakin farko shi ne fitar da zane da fensir, ko ka kwafa daga takarda da aka sa a ƙarƙashin yadin. Kada ka danna fensir sosai, kuma ka bar tazara tsakanin layuka, domin layin kaki ya fi na fensir kauri.

Riƙon canting, inda aikin yake

Canting ɗan ƙaramin mazubi ne na jan ƙarfe, girmansa bai wuce kan babban yatsa ba, da siririn baki a lanƙwashe da mariƙi na gora ko itace. Akwai mai siririn baki na ɗige ɗige, mai matsakaici na jan layi, da mai faɗi na rufe fili. Da matsakaicin za ka fara.

Kafin ka taɓa naka, ka zauna kusa da malamar ka kalli hannunta na minti goma. Za ta tsoma canting cikin kasko ta ɗan bar shi ya ɗauki zafi, ta ɗebo kaki bai kai cika ba, ta goga ƙasansa a bakin kaskon don kada ragowar ya ɗiga, ta kai shi kusa da leɓenta ta hura bakin sau ɗaya, gajeriyar hurawa, sannan ta ɗora a kan yadin da ta tallafe da tafin hannun hagu. Duk wannan cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Hurawar nan tana buɗe bakin idan ya fara toshewa, tana kuma kawar da ɗigon da ya taru a kai. Ka lura kuma ba a kwance yadin yake ba, a karkace yake a tafin hannunta, kuma tsakanin kasko da yadi bakin canting yana kallon sama kaɗan. Sai ya isa yadin take sunkuyar da shi. Wannan ɗan juyin na wuyan hannu shi ne abin da ka zo koya.

Yanzu naka. Ka nemi tsumma ko takarda ka fara ja a kai: layi miƙaƙƙe, layi mai lanƙwasa, da'ira, ɗigo. Ka shimfiɗa wani tsumman a cinyarka. Ka riƙe mariƙin ta sama, ba irin riƙon alƙalami ba, ka ja daga hagu zuwa dama ko daga ƙasa zuwa sama, yadda bakin zai riƙa bin hannunka ba ya caki yadin ba. Kada ka tsaya a wuri ɗaya, domin kaki ba ya jira. Inda ka dakata nan zai taru ya yi dunƙule. Idan layin ya fara sirancewa, ka mayar da ragowar cikin kasko ka ɗebo sabo mai zafi. Gogaggun mata sukan koma kasko kowane ɗan lokaci kaɗan, ba sa jira kaki ya ƙare.

Zafin kaki shi ne rabin nasara, kuma yadin ne zai gaya maka gaskiya. Bayan ka ja layi ka juya bayan yadin ka duba. Idan kakin ya ratsa ya fito ta baya, layin ya yi duhu kamar yadin ya jiƙe, to daidai ne. Idan ya zauna a sama fari fat bai ratsa ba, ya huce, kuma rini zai bi ta ƙarƙashinsa ya cinye layin. Idan kuwa kaskon yana hayaƙi, layin yana bajewa, wuta ta yi yawa, a rage ta. Kakin da ya yi zafi fiye da kima yana iya kamawa da wuta, kuma ba a zuba masa ruwa. Rufe kaskon ake yi a kashe risho.

Kaki zai ɗiga maka inda ba ka so, wannan ba makawa. Hanya biyu ce: ko ka mayar da ɗigon ya zama ɓangaren zane, ka kewaye shi da wasu ɗigogin ya zama fure, ko malamar ta jiƙa wurin da ruwa ta goga masa ƙarfe mai zafi har kakin ya tashi. Idan bakin canting ya toshe, da siririn zaren gashin giginya ake tsokace shi.

Masu aikin gaske idan sun gama fuska ɗaya sukan juya yadin su sake bin kowane layi ta baya. Shi ya sa batik na hannu ba shi da ciki da baya. A darasi na kwana ɗaya ba lallai ka yi duka ba, amma ka bi wuraren da ka ga kakin bai ratsa ba.

Bayan manyan layuka sai cike cike, abin da suke kira isen: ɗigogi ƙanana a jere, gajerun layuka kamar gashi, ƙananan ƙwarya ƙwarya kamar ɓawon kifi. A nan ake gane gwana. Mace ɗaya za ta iya kwashe makonni tana ɗiga waɗannan a zane guda mai tsawon mita biyu da rabi, kuma zane mai kyau yakan ci watanni kafin ya kammala. Ka cika ganye ɗaya kawai da ɗigo, za ka fahimci dalilin tsadarsa. Daga nan sai rufe fili: duk wurin da kake so ya zauna fari, ka shafe shi da kaki mai kauri, da canting mai faɗin baki ko buroshi.

Rini

Abin da ke rikita sabon mai koyo shi ne tunanin a juye yake. Ba launi kake zanawa ba, abin da kake so ya tsira kake rufewa. Don haka ana farawa daga launi mai haske a tafi mai duhu. Misali, ka rufe inda kake so fari, ka tsoma a rawaya. Ya bushe, ka rufe inda kake so rawaya ya zauna, ka tsoma a shuɗi. Inda ba ka rufe ba shuɗi zai hau rawaya ya ba ka kore. Ka zauna da malamar ku tsara wannan tun kafin tsomi na farko.

Rinin duk mai sanyi ne, domin ruwan zafi zai narkar da kaki. Ka sa safar hannu ta roba, ka jiƙa yadin da ruwa tukuna don launi ya shiga daidai, kuma kada ka murɗe shi ko ka matse. Kakin zai tsage, rini ya shiga ta tsagar. Wasu da gangan suke tsaga shi don su sami zanen jijiyoyi, amma a batik na fada ana ɗaukar hakan a matsayin aibi.

Idan da baba za a yi, ka buɗe ido sosai lokacin da yadin ya fito daga tukunya. Zai fito kore kore mai ɗan rawaya, sai ka ga yana rikiɗa a hannunka yana komawa shuɗi yayin da iska ke dukansa. Tsomi ɗaya ba ya isa; ana tsomawa a shanya a inuwa a sake tsomawa, sau da yawa, har launin ya kai yadda ake so. Ruwan ƙasan nan da Solo da Jogja suka shahara da shi, soga, daga ɓawon itatuwan tingi da jambal da itacen tegeran ake dafa shi. Bayansa ana tsoma yadin a abin da zai kama launi: alif yana barinsa da haske, ruwan farar ƙasa yana ɗan ƙara masa ƙarfi, wani gishirin ƙarfe da suke kira tunjung kuwa yana mayar da shi mai duhu. Rinin itatuwa yana cin kwanaki, shi ya sa gajerun darussa suke amfani da na kamfani. Wanda aka fi gani shi ne naptol mai kwano biyu: a na farko yadin ba ya nuna komai, sai an tsoma a na biyu launi ya fashe nan take. Akwai kuma hanyar gaɓar teku, colet, inda ake shafa launi da buroshi a cikin filayen da kaki ya kewaye, kakin ya zama shinge.

Tukunyar dafawa

Idan launi ya kama ya bushe, sai a tafasa ruwa a babbar tukunya, a zuba ɗan soda ko sitatin rogo don kakin da ya narke kada ya koma ya manne. Da sanda za ka riƙa tsoma yadin kana ɗagawa, kakin yana tasowa saman ruwa. Sukan kwashe shi su ajiye don wani aikin. Daga nan a ɗauraye da ruwan sanyi a shanya a inuwa. Ka roƙa a bar ka ka riƙe sandar da kanka. Yanzu ne za ka ga layukanka farare tas, ka ga inda kaki ya ratsa da inda ya huce, ka zauna da malamar ta nuna maka dalilin kowane tabo. Idan kana da sauran kwana, ka fara ƙyalle na biyu washegari tun hannu bai manta ba.

Kafin ka bar wurin ka nemi a nuna maka cap, hatimin jan ƙarfe mai nauyi da ake tsomawa a kaki a buga a yadi. Ya yaɗu ne a tsakiyar ƙarni na 19, galibi maza ke yin sa a tsaye, kuma wahalarsa ita ce daidaita bugu da bugu yadda ba za a ga mahaɗa ba.

Saye da kulawa

Bayan darasi idonka ya buɗe, sai ka shiga kasuwar Beringharjo a Jogja ko Klewer a Solo. Iri uku za ka tarar: tulis na zanen hannu, cap na hatimi, da yadin kamfani da aka buga masa zanen batik ba tare da kaki ya taɓa shi ba. Ka juya bayan yadin. Idan ya fi gaba kodewa, na kamfani ne. Ka shinshina, na gaske yana da ɗan ƙanshin kaki. Ka kwatanta fure biyu iri ɗaya: a na hannu ba za su taɓa zama daidai ba, a na hatimi kuwa za ka ga zane yana maimaituwa da 'yar alamar mahaɗa. A titin Malioboro na Jogja za ka iya haɗuwa da mai fara'a da zai ce ana baje kolin zanen ɗalibai kuma yau ne ranar ƙarshe. Tsohuwar dabara ce ta sayar da kaya da tsada, ka yi godiya ka wuce. Idan kana son tulis, ka saya daga hannun matan da suka koya maka, kuma kada ka tsananta ciniki a kan aikin da ka ga yadda yake cin ido da baya.

Canting da dunƙulen kaki da yadin mori ba su da tsada, ana samunsu a waɗannan kasuwanni. Ka sayi canting iri uku, ka naɗe bakinsu da tsumma don kada su lanƙwashe, ka sa su a jakar da za a auna. Batik ɗinka kuwa da hannu ake wanke shi, shi kaɗai, a ruwan sanyi. Mutanen Java da 'ya'yan itacen lerak suke wankewa, ana kuma sayar da ruwansa a kwalba. Idan babu, sabulu mai laushi ko ɗan man wanke gashi ya isa. Kada ka sa masa omo ko bilic, kada ka murɗe shi, ka shanya a inuwa, in za ka goge kuma ka ɗora wani ƙyalle a kai ka rage zafin dutsen guga.